"A kai shi gida": wa ke da ta cewa idan ciwo ya yi nisa a Kurmi?

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san irin wannan waya. A kira ka da tsakar dare ko bayan asuba, a ce wane jiki ya yi tsanani, likita na neman 'yan'uwa, kai da kake jin Turanci da Yarabanci ka zo ka ji mana abin da yake cewa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina amsa irin wannan kira a Agege da kewaye. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, boko na ɗan yi, kuma a Sabon Ibadan aka haife ni, don haka bakina ya kama yaren masu gari. A tsawon wannan lokaci na lura da abu guda. Da zarar likita ya sassauta murya, maganar da ke fara fitowa daga bakinmu ita ce "a kai shi gida". Kuma kusan kullum a barandar asibiti ake yanke hukuncin, tsakanin maza huɗu ko biyar kowa da waya a kunne, alhali mai ciwon na kwance a ciki, idonsa biyu, da hankalinsa, ba wanda ya tambaye shi.

Ni ma na aikata, shi ya sa nake da bakin magana.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara talatin yana dillancin albasa a Mile 12. Ciki ya fara kumburi, ido ya yi ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, aka yi wata uku ana shan jiƙo da sassaƙe. Ranar da muka kai shi wani babban asibiti, hoto ya nuna ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu. Likitan, wani matashi mai natsuwa, ya ja ni gefe ya ce aiki ba zai yiwu ba, a ganinsu abin da ya rage makonni ne zuwa 'yan watanni, sauran sani na Allah. Ya ce yana so ya zauna da mara lafiyan ya yi masa bayani, ni in fassara. Na ce a'a, mu a wajenmu ba a yin haka. Da na koma ciki Kawu ya ce, "Ɗan nan, me ya ce maka?" Na ce, "Kawu, ya ce da sauƙi, a dai ci gaba da addu'a." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, madalla."

Mako uku muka yi a haka, ana ƙarin ruwa, ana sayen magani, kowa ya shigo ya ce jiki ya yi kyau. Sai da ya kai ba ya iya zama da kansa sannan 'yan'uwansa da ke ƙauye wajen Sakkwato suka ce a kawo shi. Na sa hannu a takardar fita ba da yawun likita ba, muka ɗauki shatar Sharon, aka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗa katifa. Mun wuce Mokwa, ba mu kai Kontagora ba, rai ya yi halinsa. A cikin mota, a gefen titi, da ni da direba da yaronsa ɗaya. Matarsa da ta kwana tana gyara masa ɗaki ba ta gan shi da rai ba. Bayan addu'ar bakwai mutane suka fara zuwa: wannan ya ce yana da ajiya a wurinsa, wancan ya ce yana bin kuɗin buhu arba'in, wani kuma da muka san Kawu ke binsa ya yi shiru abinsa. Littafinsa cike da alamomin da shi kaɗai ya san fassararsu. Shekara biyu ana rigima, har da gaba tsakanin gidaje biyu. Abin da Kawu zai warware a yammaci ɗaya da an gaya masa gaskiya.

Na san dalilinmu na ɓoyewa, kuma ba mugunta ba ce. Muna tsoron kada zuciyarsa ta karye ciwon ya ci shi da wuri. Muna cewa likita ba Allah ba ne, kuma gaskiya ne, an sha ganin wanda aka ba wata ɗaya ya shekara. Amma fa ciwon a jikinsa yake, kwanakin da suka rage nasa ne, bashin da ajiyar a wuyansa suke. A shari'ar Musulunci ana biyan bashi kafin a raba gado, wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku kuma ba a yi wa magaji, sannan kyautar da mutum ya yi a ciwon ajali malamai kan ba ta hukuncin wasiyya. Duk waɗannan abubuwa ne da ke buƙatar mutum yana cikin hayyacinsa, da shaidu a gabansa. Mu kuma mutanen kasuwa ne da yawancin cinikinmu a baki yake: mai shanu, mai goro, ɗan canji, mai riƙon adashi, mai tumatir da ke karɓar kaya bashi daga manomi a Kadawa ko Ɗanja. Wanda aka ɓoye wa halinsa an hana shi sauke nauyi, an hana shi neman gafarar wanda suka ɓata, an hana shi kiran 'yarsa da ke aure a wani gari.

Dokar ƙasa ma ba tare da mu take ba a nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓa. Ta bar ƙofa ɗaya, wato idan akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa faɗa masa zai cutar da shi. Ta kuma ce gwargwadon iko a yi bayanin da yaren da yake ji, daidai da karatunsa. Sashe na 26 ya ce bayanin ciwon mutum sirrinsa ne. Wato a ƙa'ida Kawu ya kamata a fara gaya wa, shi ya zaɓi wanda zai ji cikinmu. Mu muka juya abin, kowa a Mile 12 ya sani ban da shi.

A nan ne nauyin tafinta yake, kuma ina roƙon matasanmu masu rakiyar dattawa asibiti su ji wannan da kyau. Likita Bayarabe ne ko Ibo, mara lafiya ba ya jin komai sai Hausa da ɗan guntun Burokin, to kai ne kunnensa, kai ne bakinsa. In ka tace maganar, ka ba shi mai daɗin ka riƙe mai ɗacin, ka yanke masa hukunci ke nan ba da saninsa ba. Faɗin gaskiya kuma ba yana nufin ka tsaya a kansa ka ce "mutuwa za ka yi" ba. Abin da na koya daga baya, a wurin wata tsohuwar nas, shi ne a fara da tambaya: "Baba, likita ya ga sakamako. Kana so a yi maka bayani duka, ko akwai wanda kake so a yi maganar da shi?" Wasu za su ce a faɗa musu komai. Wasu za su ce, "Ku yi da Yaya, duk abin da ya ce na yarda." Wannan ma zaɓinsa ne, an ba shi haƙƙinsa. Kuma don Allah a daina sa yaro ɗan firamare ya fassara wa uwarsa cewa tana da sankarar mama, don kawai shi ke jin Turanci a gidan. Na ga an yi, yaron bai sake zama daidai ba har aka yi rasuwar.

To idan ya ji, ya ce ya gaji, ba ya son a ci gaba? Yana da wannan ikon. A 1991 wata mata 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini a wani asibiti a Inugu, da ita da mijinta suka sa hannu, likitanta Dakta Okonkwo ya mutunta hakan, ta rasu. Kwamitin ladabtar da likitoci ya same shi da laifi, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali na da 'yancin ƙin magani ko da hakan zai kai ga rasa ransa. Yaro kuwa hukuncinsa daban. A 2019 kotun ta goyi bayan wani likita a Legas da ya yi wa jariri ƙarin jini bisa umarnin kotu duk da mahaifiyarsa ta ƙi, saboda iyaye ba su da ikon zaɓa wa ɗansu mutuwa alhali akwai magani. Abin da wannan ke nufi gare mu a fili yake: dattijon da ya ce ya isa haka da allurar ciwon daji, ba a ɗaure shi a yi masa, wanda kuma ya ce yana so a ci gaba, 'yan'uwa ba su da hurumin sa hannu su fitar da shi don sun gaji.

Matsalar ta fi tsanani idan mutum ya daina magana. A katin asibiti akwai gurbin da ake rubuta sunan makusanci, kuma mu a nan sau da yawa sunan ubangida ne a wurin, ko abokin ɗaki, ko wanda ya kawo shi a kan babur. Wannan suna don a san wanda za a kira ne, bai mai da mutum magaji ba. Sai ka ga mai biyan kuɗi yana Legas, mata tana Ɓagwai, babban wa yana Gusau yana ba da umarni ta waya, Sarkin Hausawa na ƙoƙarin haɗa kansu. Na kusa ya ga jikin, ya ga takardar kuɗi. Na nesa bai ga ko ɗaya ba, shi ya sa ya fi kowa zafi, ko dai "a yi duk abin da za a yi" ko "ku sako shi a mota yau". Tambayar da ke kashe gardama a irin wannan zama ita ce, shi da bakinsa me ya taɓa cewa? Da zai farka na minti biyar ya ga kansa, me zai zaɓa? Kuma wadda ta fi kowa sanin amsar galibi matarsa ce, ita ce kuma ta ƙarshe da ake tambaya, in ma an tambaye ta. A kira ta a waya, a bar ta ta yi magana ba tare da yayan miji na kan layi ba.

Akwai abubuwa uku da muke cakuɗawa, har mutum ya ɗauki zunubin da ba nasa ba, ko ya azabtar da iyayensa da sunan biyayya. Yi wa mutum allura ko ba shi wani abu da nufin ransa ya fita, ko da shi ya roƙa, kisa ne a addini, kisa ne a doka. Kundin laifuka da jihohin Kudu ke bi ya ce wanda ya gaggauta mutuwar mai ciwo ana ɗaukarsa shi ya kashe shi, kuma yardar mamacin ba ta wanke mai yi. Ƙa'idar aikin likitocin Najeriya ma ta haramta. Ƙasashe irin su Holan da Beljiyam da Kanada sun halatta, mu ba haka muke ba, kuma ban taɓa jin Bahaushen da ya nema ba. Barin maganin da likitoci suka tabbatar ba zai warkar ba, sai ƙarin wahala, wannan wani abu ne daban, a nan ciwon ne ke kashewa. Ba da maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi kuwa jinƙai ne, zan dawo kansa.

A kan na biyun ne ake kuka, musamman a ɗakin da muke kira gobe-da-nisa, inda inji ke hura wa mutum numfashi. Malamai sun daɗe da zama a kan wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta ce idan duk ayyukan ƙwaƙwalwa sun tsaya cak, ƙwararrun likitoci suka tabbatar babu dawowa, ya halatta a cire injin ko da zuciya na bugawa da taimakonsa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ita ma ta halatta cirewa idan ƙwararrun likitoci uku suka tabbatar, sai dai ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa, na idda da gado, har sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Ga waɗanda ke Anacha ko Owerri, inda likitoci da yawa mabiya Katolika ne, cocinsu ma tun 1957 ya bambanta kulawar da ta wajaba da wadda ta wuce kima, don haka za ku iya fahimtar juna.

Sai dai a yi hattara, mutuwar ƙwaƙwalwa daban, dogon suma daban. Wanda ya yi haɗari da babur ya suma kwana goma yana iya farkawa, an gani ba sau ɗaya ba. Mutuwar ƙwaƙwalwa gwaji ake yi: a haska ido ba ya motsi, a taɓa maƙogwaro ba tari, a ɗan janye injin a ga ko jiki zai yi yunƙurin numfashi da kansa, bayan an tabbatar ba maganin barci ko sanyin jiki ne ya danne shi ba. Idan aka ce muku "ba fata", ku tambaya kai tsaye wanne ne cikin biyun, wane gwaji aka yi, likita nawa suka duba. Ku nemi babban likitan sashen, ba ɗalibin da ke kwana a ɗakin ba. Kuma ku sani, saboda yadda dokar take, likitocinmu sun fi sakin jiki da ƙin ɗora mutum a inji tun farko a kan cire shi daga baya. Saboda haka lokacin tambaya shi ne kafin a sa robar a maƙogwaro.

Haka batun danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Ga matashin da lantarki ya ja ko ya nutse, wannan na ceton rai. Ga tsohon da ciwon daji ya cinye, da wuya ya dawo da shi, haƙarƙari kan karye, ana kuma fitar da 'yan'uwa waje a daidai lokacin da ya kamata wani na kusa da kunnensa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ana iya gaya wa likita tun da wuri cewa idan lokacin ya zo a bar shi cikin natsuwa, a rubuta a fayil. Abinci ma haka. Idan ajali ya matso jiki da kansa ke daina neman abinci, mu kuma sai mu dage da ɗura kunu, ya sarƙe ya gangara huhu. Ƙarin ruwa leda bayan leda na iya taruwa a ƙirji ya ƙara masa haki. A ba shi abin da ya nema gwargwadon da ya iya, a riƙa jiƙa masa leɓe, a juya shi kada baya ya yi gyambo, a tsaftace shi. Wannan kulawar ba a daina ta har numfashin ƙarshe.

Yanzu kuɗi, wanda shi ne ainihin mai yanke hukunci a yawancin gidajenmu ko da ba a faɗa. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma je ka Alaba Rago ko kasuwar shanu ka ƙirga masu kati. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, sai dai jinyar makonni ba ta shiga nan. Wankin ƙoda sau biyu zuwa uku ake yi a mako, kowane zama wajen awa huɗu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗinsa zuwa naira 12,000 daga wajen 50,000 a wasu asibitocinta, ciki har da UCH Ibadan da FMC Ebute-Metta, to a tambaya kafin a tafi na kuɗi. A kuma tambayi irin ciwon: ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda amai da gudawa ko zubar jinin haihuwa tana iya farfaɗowa bayan 'yan wanki, a nan ko gona a sayar. Wadda ta mutu a hankali saboda hawan jini ko suga, wankin na har abada ne sai in an yi dashe, kuma wanda ƙodarsa ta daina aiki gaba ɗaya idan aka tsayar da wanki yawanci mako ɗaya zuwa biyu yake yi.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu ba za su so ba: abu biyu muke yi da duk ba daidai ba. Wani lokaci kuɗi ne suka ƙare, ciwon kuma mai warkuwa ne, sai mu lulluɓe abin da "mun bar wa Allah", mu ɗauke mutum. Gara a fito fili a ce babu, a yi shela a masallaci, a je wa ƙungiyar kasuwa, a nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, don manyan asibitocin gwamnati na da shi. Wani lokacin kuma likita ya riga ya ce babu abin da zai canja, amma don kada a ce 'ya'yan wane sun yi rowa, sai a sayar da keke-napep ɗin da marayu za su ci abinci da shi, a ƙara wa tsoho kwana biyar a kan inji. Tambaya ɗaya nake yi wa kowane likita yanzu kafin a biya ko sisi: wannan maganin warkarwa zai yi, ko ƙara kwana, ko rage wahala? Idan ya ce sai an gwada, sai mu yanka wa'adi tare, kwana uku ko biyar, da alamar da za a duba, sannan a sake zama.

Maganar da ta fi ci mini rai a jinyar Kawu ita ce da na ji daga baya cewa bai kamata ya sha azabar da ya sha ba. Akwai fannin jinya na musamman ga wanda ciwonsa ba ya warkewa, aikinsu rage raɗaɗi, haki, amai, rashin barci da damuwa, da taimaka wa masu jinya. UCH Ibadan na da wannan sashe tun 2007, FMC Abekuta ma ta daɗe da nata, kuma ana samu a wasu asibitocin koyarwa. Babban makaminsu mofin ne na ruwa da ake sha a baki kowace awa huɗu, magani mai araha da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutanenmu na tsoronsa, sun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa matasa, wasu kuma na cewa allurar sallama ce. Idan likita ya fara da kaɗan yana ƙarawa daidai da ciwon, ba ya gaggauta ajali. Abin da ya fi kawowa shi ne taurin bayan gida da ɗan gyangyaɗi a kwanakin farko, kuma akwai maganin hakan. Mutumin da ciwo ya sake shi ne ke iya salla, ya yi wasiyya, ya yi hira da jikokinsa. Idan aka ce muku "babu abin da za mu iya yi", ku ce to a haɗa mu da masu kula da raɗaɗi.

Ban ce kada a kai mutum gida ba. Son cikawa a ɗakinka, a binne ka kusa da iyayenka, buri ne mai daraja, kuma da yawa cikin dattawanmu shi suke so. Kuskuren yana wajen lokaci. Tafiya gida ta mai sauran ƙarfi ce, wanda zai iya zama a kujera, ya isa ya ga mutane su gan shi. Daga Legas zuwa Kano ko Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne, wuni da kwana a hanyar da kowa ya san halinta. A jirgi Kano awa ɗaya da rabi ce, amma kamfanonin jirgi na neman takardar likita cewa mara lafiya zai iya tafiya, kuma ba sa ɗaukar wanda ya galabaita. Idan yana kan oksijin, a yi lissafi da biro: ƙaramar tukunya mai lita 680, a kan lita biyar a minti, awa biyu da 'yan mintoci za ta yi, ko Ogbomosho ba lallai ta kai ku ba. Babba mai lita 6,800 za ta yi wajen awa 22, in kuma lita goma yake sha, rabin haka. Wanda ke kan injin numfashi kuwa, cire shi a sa a motar haya daidai yake da an yanke hukuncin a bakin ƙofar asibiti, gara a san haka ake yi.

Kuma kada a fita da faɗa. Ko da takardar fita ba da yawun likita ba za a sa wa hannu, a nemi rahoton jinya, da takardar tura mara lafiya zuwa asibitin da ya fi kusa da gida, da maganin ciwo na kwanaki tare da takardar likita mai hatimi, saboda jami'an NDLEA a hanya ba za su saurari dogon bayani ba idan suka ga mofin. Rahoton nan shi ne ya cece mu a shingen 'yan sanda bayan Kawu ya cika. Ba don shi ba da mun kwana muna bayanin gawar da ke mota. Wanda kuma ya zaɓi ya koma ɗakinsa a nan Kurmi, ya riƙe takardunsa kusa, domin Legas na da dokar binciken musabbabin mutuwa tun 2007, kuma mutuwar da ba a san dalilinta ba na iya jawo jinkirin jana'iza. Takardar da ke nuna ciwon da aka daɗe ana jinya tana sauƙaƙa samun shaidar mutuwa a yi sutura a kan lokaci.

Watannin baya aka sake kira na, wani dattijo mai sayar da goro, zuciya ta kumbura, ƙafafu sun cika da ruwa, an kwantar da shi karo na huɗu a shekara ɗaya. 'Ya'yansa har sun yi cinikin mota. Na ce su ba ni minti goma, muka shiga da likita da babban ɗansa. Na ce, "Baba, likita ya ce zuciyar ta gaji, magani na rage wahala ne kawai yanzu. Yara na so su kai ka gida. Kai me kake so?" Ya yi shiru, sannan ya ce ai ya sani tun azumi, yana dai kallonmu ne. Ya ce shekararsa arba'in da shida a Agege, matarsa ta fari a nan take kwance, wanda ya sani a garinsu duk sun riga shi. A mai da shi ɗakinsa, a kira masa limamin unguwa da mutum biyu da ya ambata, a zo da littafi da biro. Ɗan ya fita ya sallami direban, aka bar masa kuɗin mai. Washegari da la'asar muka zauna, ya lissafa mutum tara da yake bi da huɗu da ke binsa, ya yafe wa uku cikin taran, liman ya rubuta, muka sa hannu. Ya yi kwana ashirin da shida bayan nan.